Notin taya yana da ma'auni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da direbobi da masu faci da ƴan uwanmu kanikawa a kan wani aiki da kowa ke ganin ya iya, wato ɗaure notin taya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a yi masa faci a nan Damagaram, ko a wajajen Kasuwar Dole ko a tashoshin da ake lodin Tanut da Magarya, ya san yadda ake rufe aikin. A kafa kile, wato sifana, a kan noti, a zura masa bututun ƙarfe, yaron shago ya hau da ƙafa biyu ya dinga dannawa har notin ya yi ƙara mai tsini, sannan maigida ya ce to ya ɗauru. Shi ma direba in bai ji wannan ƙarar ba sai ya ga kamar an yi masa aikin ha'inci. Wannan ƙarar kuwa kukan ƙarfen da aka fi ƙarfinsa ne, kuma tayoyi da yawa da suka fice a kan hanya daga nan ciwonsu ya faro.

Sai mutum ya fahimci abin da ke riƙe taya kafin lambobin su yi masa ma'ana. Mutane na zaton janti, wanda ƴan Kano ke cewa rim, yana rataye ne a kan ƙusoshi kamar yadda ake rataye riga. Ba haka aka ƙera shi ba. Ƙusar taya, wadda muke kira gujon, tana miƙewa ne kaɗan idan aka ɗaure noti, kamar roba mai tauri ƙwarai, kuma ƙoƙarinta na komawa yadda take shi ne ke matse janti a jikin mazauninsa. Matsewar ce ke ɗauke da nauyin mota da jijjigar hanya. A ƙaramar mota mai ƙusa ta milimita 12, ɗauri daidai yana sa kowace ƙusa ta matse da ƙarfin da ya kai wajen tan huɗu. Amma miƙewar da ta haifar da wannan ƙarfin duka ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Kaurin silin gashi ke nan. Duk amincin tayar yana cikin wannan silin gashin: in ba a kai shi ba taya ta yi sako-sako, in an zarce shi da yawa ƙusa ta miƙe miƙewar da ba ta dawowa, in kuma ƴar tsakuwa ta shiga tsakani ta niƙe daga baya, to ta tafi da shi gaba ɗaya.

Ma'aunin wannan ɗauri shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake rubutawa Nm, wato niyuton-mita. Lissafinsa mai sauƙi ne: nauyin da aka danna, sau tsawon hannun kile. Kilo ɗaya a ƙarshen hannu mai mita ɗaya yana ba da Nm 9.8, a ce 10. To yaron da ke da kilo 70, in ya tsaya cak a ƙarshen bututu mai mita ɗaya, ya ɗora wa noti kusan Nm 700 tun bai yi tsalle ba. Corolla kuwa 103 take so. Ya ninka mata kusan sau bakwai.

Ga lambobin motocin da suka fi yawa a hanyoyinmu. Ƙananan Toyota irin su Corolla da Yaris da Camry da RAV4, Nm 103. Honda Civic da Accord, 108. Golf ta huɗu zuwa ta bakwai, 120. Peugeot irin su 206 da 307 da 406 suna tsakanin 85 da 100, gwargwadon samfuri. Hilux daga 2005 zuwa yanzu yawancinsu 105 ne, abin da ke ba mutane mamaki, don suna ganin babbar mota sai babban ɗauri, alhali kaurin ƙusa ne ke yanke hukunci, ba girman jikin mota ba. Land Cruiser mai ƙusa biyar ta milimita 14 ita ce ke da tarko: in jantinta na alminiyom ne, 131; in na ƙarfe ne, 209. Mota ɗaya, ƙusa ɗaya, amma lamba biyu, saboda notin kowane janti da irin mazauninsa. Manyan motoci masu ƙusa goma ta milimita 22 su ne ke kaiwa wajen 600, kuma daga wajensu ne dabi'ar bututu ta samo asali, aka jawo ta aka ɗora wa ƙananan motocin da ba su nema ba. Duk da waɗannan lambobi da muka kawo, littafin motar shi ne alƙali. Lambar tana shafin da ke bayanin canza taya, ko a ƙarshen littafi inda aka jera awon mai da iskar taya.

A kula da harshen littafin. Na Faransanci sukan rubuta daN.m, sai a ninka sau 10, wato 9 na nufin 90. Tsofaffin littattafan Japan suna rubuta kgf.m, shi ma kusan sau 10 ne, don haka 10.5 ita ce 103. Motocin da suka fito daga Amurka kuwa ft-lb suke rubutawa, a ninka sau 1.36, shi ya sa 76 ɗinsu ita ce 103 ɗinmu. Kilen awo, wato kilen da ake saita wa lamba ya yi ƙas idan ɗauri ya kai ta, da yawansu suna da layi biyu a jikinsu, ɗaya na Nm ɗaya na ft-lb. Wanda ya saita 103 a layin da ba shi ba ya ɗaure a 140 bai sani ba, wanda ya saita 76 a layin Nm kuma ya bar kwata na ɗaurin a baya.

Illar sako-sako kowa ya san ƙarshenta, amma ba kowa ke gane farkonta ba. Janti na fara motsi kaɗan-kaɗan a kan ƙusoshi, ramukansa su tashi daga zagaye su koma kamar ƙwai. Za a ga wani jan tsatsa ko baƙin gari ya yi layi daga gindin noti ya nufi bakin taya. Za a ji ƙwas-ƙwas idan ana tafiya a hankali, wadda kan canza ko ta ɗauke in an taka burki, sitiyari kuma ya fara rawa. A wannan hali ƙusar na lanƙwasuwa gaba da baya a kowane juyi, kamar wayar da ake so a karya da hannu, har ta tsinke. In ɗaya ta tafi, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, su ma ba sa jimawa. Tayoyin hagu sun fi saurin kwancewa, saboda juyin tayar a wannan gefen yana taimaka wa noti ya warware. Dalilin ke nan da wasu motocin kaya na Japan, kamar tsofaffin Canter da Isuzu, suke da haƙoran hagu a gefen hagu, an buga harafin L a kan ƙusar ko notin. Wanda bai duba ba yakan hau bututu yana zaton kwancewa yake, alhali ƙara ɗaurewa yake har ƙusar ta karye.

Illar wuce ƙa'ida ita ce wadda ba a yarda da ita, don ba ta nuna kanta a ranar. Ƙusar da aka ja ta wuce iyakarta takan sirance a tsakiya, haƙoranta su buɗe, ta rasa wannan hali na roba. Daga nan ko an ɗaure ta daidai ba za ta riƙe ba. Ga ta a ido lafiya lau, sai wata rana a kan gargada ta tsinke fat, direba ya rantse jiya-jiya aka ɗaure masa tam. Gaskiya ya faɗa, tam ɗin ce ta kashe ta. A jantin ƙarfe, ɗan tudun da ke kewaye da kowane rami yakan lotse, noti ya rasa inda zai zauna. A na alminiyom, ramin yakan tsage. Faifan burki kuma, in an ɗaure wani noti da 300 wani da 90, yakan zauna a karkace, ya ci gefe ɗaya, bayan ƴan watanni burki ya fara bugun ƙafa. Sai a canza faifai, a sake ɗaure shi da bindigar iska, wato na'urar murɗa noti da iska, yadda aka yi na farko, ciwon ya dawo, a ce kayan yanzu ba su da kyau. Ban da wannan, akwai direban da taya za ta fashe masa tsakanin Tanut da Adarbisanat da tsakar rana, ga safaya ga jak, amma ɗan kilen da ya zo da motar ya kasa motsa noti ko ɗaya.

Bindigar iska ba laifi ba ce, wajen kwancewa aka fi buƙatarta. Ƙarama daga cikinsu tana wuce Nm 400 cikin ƴan daƙiƙoƙi, kuma ƙarfinta yana hawa yana sauka gwargwadon iskar da ke cikin tanki, don haka noti biyar ɗauri biyar. In za a yi amfani da ita wajen mayarwa, a sa ta a mafi ƙarancin ƙarfinta, a tsaya da zarar noti ya taɓa janti. Kuma kada a taɓa fara noti da ita. In ya hau a karkace, bindiga ba ta ji, sai ta yanka sababbin haƙora a kan tsofaffi.

Sai maganar mai, wadda a nan ne masu kyakkyawar niyya ke yin ɓarna. Mutum ya ga tsatsa, ya shafa giris ko baƙin mai a kan ƙusa don gobe ta yi sauƙin kwancewa. Abin da bai sani ba, kusan kashi tara cikin goma na ƙarfin da ake murɗawa yana ƙarewa ne wajen gogayya, tsakanin haƙora da kuma ƙarƙashin noti. Kashi ɗaya kacal ke zama miƙewar ƙusa. Lambobin da ke littafin ƙananan motoci an lissafa su ne a kan busassun haƙora masu tsabta. In aka sa mai gogayya ta ragu, sai 103 ɗin nan ta ja ƙusar fiye da yadda aka nufa da kusan kashi ɗaya cikin uku ko sama da haka, ko da kilen awo aka yi aikin. Tsatsa da yashi kuma akasin haka suke yi: kile ya nuna an kai, alhali ƙarfin duk ya ƙare a datti, ƙusa ba ta miƙe ba. Maganin tsatsa buroshin waya ne da tsumma. Akwai manyan motocin da littafinsu ya ce a ɗiga mai kaɗan, wannan nasu ne, kuma an lissafa lambarsu da man a ciki.

Yadda aikin yake tafiya in ana son ya yi kyau: mota a kan daidaitacciyar ƙasa mai tauri, burkin hannu a ja, a sa dutse ko katako a tayar da ke kusurwar da ke fuskantar wadda za a cire. A sassauta kowane noti kwatan juyi tun taya na ƙasa, sannan a ɗaga. In ƙasar rairayi ce, kamar yadda take a yawancin unguwanninmu, a sa faffaɗan katako ƙarƙashin jak. Da an cire taya, kada a kifa jantin fuskarsa ta ciki a kan yashi, kada kuma a zubar da notuna a ƙasa. A sa su a cikin murfin taya ko gwangwani. Wannan ƙaramin abu ne amma a garin da iskar hunturu ke cusa ƙura ko'ina, shi ne rabin aikin. A goge fuskar mazaunin taya da bayan janti da buroshi har ƙarfe ya fito. Jantin da aka yi wa sabon fenti, a kankare fentin daga inda yake haɗuwa da mazauni da kuma inda noti ke zama, don fenti yana narkewa da zafin burki ya bar gurbi.

A mayar da taya, a fara kowane noti da yatsu. Lafiyayyen noti yana tafiya da hannu har ya kusa janti. Wanda ya cije a rabin hanya yana ba da labari ne: ko haƙora sun lalace, ko ƙusar ta miƙe, ko notin ba nata ba ne. Toyota da Honda da Mitsubishi da Hyundai haƙoransu tazarar milimita 1.5 ce, Nissan da Suzuki 1.25, kaurin ƙusar kuwa ɗaya, 12. Notin Nissan zai hau ƙusar Toyota juyi ɗaya ko biyu sannan ya tsaya, mai gaggawa ya ƙarasa shi da ƙarfi ya kashe duka biyun. A ƙidaya juyin kuma: ana son noti ya ci ƙusa aƙalla gwargwadon kaurinta, wato juyi 8 a mai tazarar 1.5, kusan 10 a mai 1.25. Masu sa jantin ado mai kauri su lura da wannan, don sau da yawa juyi huɗu ko biyar kawai ke rage musu.

Gindin noti ma iri uku ne. Akwai mai tsini kamar mazurari, akwai mai zagaye kamar rabin ƙwallo irin na Honda da Golf da Marsandi, akwai shimfiɗaɗɗe mai washa, wato ɗan faifan ƙarfe a gindinsa, irin na jantin alminiyom na Toyota. In aka sa mai tsini a ramin mai zagaye, a kan siririn layi kawai suke haɗuwa, ƙarfen wajen ya lotse cikin ƴan kilomita, ɗauri ya zube ko da an auna shi daidai.

Ɗaurin kansa a yi shi hawa-hawa kuma a tsallake. Mai noti huɗu, a yi gicciye. Mai biyar, a bi su kamar ana zana tauraro, ana tsallake ɗaya kowane lokaci. Mai shida, kowane noti da wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen. Zagayen farko a matse su da hannu taya na sama, don janti ya zauna a tsakiya. A sauke jak har taya ta taɓa ƙasa yadda ba za ta juya ba, ba tare da duk nauyin motar ya sauka ba. Zagaye na biyu a kai rabin lamba, na uku a kai cikakkiya, sannan a sauke gaba ɗaya a sake bi sau ɗaya, don na farko yakan ɗan saki bayan an ɗaure sauran. In motar ta fito daga doguwar tafiya janti na ƙuna, a bari ya huce tukuna, musamman na alminiyom, wanda zafi ke buɗa shi kusan ninki biyu na ƙarfe.

Kilen awo, wanda masu Faransanci ke cewa kile dinamometrik, mai ɗaukar Nm 40 zuwa 200 ya wadatar da yawancin ƙananan motoci. A riƙe shi a mariƙinsa, a ja a hankali ba fizga ba, da ya yi ƙas a tsaya. Ƙas ɗaya. Masu ƙara na biyu da na uku don samun natsuwa ƙara ɗauri suke yi. Kuma ƙas ɗin ba ta da ma'ana sai in an ga notin yana juyawa kafin ta zo. Notin da bindiga ta riga ta kai 300, in an ɗora masa kilen awo zai yi ƙas nan take, a ce an auna, alhali ba a auna komai ba. Sai an sassauta shi an sake. Ba a kwance noti da kilen awo, ba a jefa shi cikin akwatin kaya tare da guduma, in an gama a mayar da saitinsa ƙasa don kada abin da ke cikinsa ya gaji. Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce a gwada gaskiyarsa duk shekara ko bayan ɗauri 5000.

An ce ido ba mudu ba amma ya san kima. A wannan aiki dai hannu bai san kima ba sai an koya masa, kuma mun san ba kowane mai faci ke da halin sayen kilen awo ba. Akwai dabara. Nm 103 daidai take da kilo 26 a nisan santimita 40 daga tsakiyar noti, wato nauyin jarkar ruwa mai lita 25 a cike, wadda babu ɗan Damagaram da bai san nauyinta a hannunsa ba. A auna santimita 40 a hannun kile a ɗaura alama, a maƙala sikelin rataye irin na masu awon kaya a wurin, a ja shi a miƙe yadda zai yi kusurwa daidai da hannun kile, har allura ta kai 26. In babu sikeli, mutum ya yi da nauyin jikinsa: don samun Nm 103, a raba 1050 da kilonsa, abin da ya fito shi ne santimitar da zai taka. Mai kilo 70 ya taka a 15, mai 60 a 17 da rabi, mai 80 a 13. Hannun kile ya kasance a kwance sosai ta gefen dama na noti, a hau da ƙafa ɗaya a hankali, babu tsalle. Wanda ya gwada zai ga yadda wurin takawar yake kusa da noti, tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba, sai ya gane irin abin da bututun mita ke yi. Wannan dabarar hanya ce, ba ta kai kilen awo ba, amma ta fi kunne nesa ba kusa ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne dubawa ta biyu. Bayan kilomita 50 zuwa 100, duk abin da zai zauna ya zauna, sai a sake bin notuna da lamba ɗaya, ba a sassauta ba, ba a ƙara ba. Wanda aka canza wa taya a gari ya nufi yamma, Takeita ta kai wannan nisan. Wanda ya nufi arewa, ya duba in ya wuce matatar mai, kada ya jira Tanut. Motar da ke bin jar ƙasa mai gargada da lodi fiye da kima, kamar masu cin kasuwannin ƙauye, ta mayar da wannan dubawar ta kowane mako. In an sami noti ɗaya yana ta sakewa bayan an ɗaure shi sau biyu, ba ƙarin ƙarfi yake nema ba, a cire taya a duba ramin da ƙusar.

In ƙusa ɗaya ta tsinke, a canza na wannan ƙafar duka, don abin da ya ci ta ya taɓa sauran. A nemi masu taurin 10.9, ana buga lambar a kan wasunsu, a haɗa da sababbin notuna. Walda ƙusa a jikin mazauni, ko tafiya da uku a inda aka yi gurbin biyar, bai kamata a ga motar haya da shi ba.

Roƙonmu ga shugabannin sandika, wato ƙungiyar direbobi, da na tashoshi shi ne kowace tasha ta mallaki kilen awo guda biyu, ƙarami na ƙananan motoci da babba na manya, a ajiye a ofis, a rubuta lambobin motocin da ke lodi a wurin a kan allo a kafa inda mai faci zai gani daga inda yake tsugune. Masu koyar da yara aiki kuma su fara karɓe bututun daga hannunsu kafin su miƙa musu kile.

Wassalam.

Daga wasu kanikawa da masu faci,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar